Ke Yarinya: Shekarun Baƙuntar Lisa Lu a Talabijin ɗin Amurka

A ranar 5 ga Mayu, 2025, aka kafa wa Lisa Lu tauraronta a daɓen titin nan na Hollywood da ake jera sunayen manyan 'yan fim da mawaƙa. Shekarunta 98 a ranar, kuma ba a taɓa yi wa wani mai rai wannan karramawa yana da yawan shekarunta ba. Wanda ta karɓe kambun tsufan daga hannunsa shi ne James Hong, da aka ba nasa tauraron a 2022 yana da shekara 93. Dukansu biyu 'yan asalin ƙasar Sin ne, dukansu kuma tun shekarun 1950 suke gaban kyamara. Jaridu suka yi ta yayata labarin, ana ta sam barka. Ni kuwa da na ga sunayen nan biyu a jere sai na shiga lissafi. Layi suka bi, layin ya yi tsawo, Allah kuma ya ja kwanansu har aka zo kansu. Sa'o'insu da yawa sun bar duniya suna tsaye a layin.

Masu kallon yanzu sun san Lisa Lu a matsayin kakar nan mai dukiya da iko ta Crazy Rich Asians, fim ɗin 2018, wadda kallo ɗaya za ta yi a shiga taitayi. Shekarun da suka fi ɗaukar hankalina ba waɗannan ba ne. Ina nufin daga 1958 zuwa ƙarshen shekarun 1960, lokacin da take yawo daga wannan shirin talabijin zuwa wancan, yau a Cheyenne, gobe a Bonanza, jibi a Hawaiian Eye, tana fitowa mako guda ta ɓace. A cikin wannan yawo ne za a ga yadda Amurka ta wancan zamani ta ɗauki macen Asiya, a kuma ga abin da ƙwararriyar 'yar wasa take yi idan ƙofar da aka buɗe mata ta baya ce.

An haife ta a Beijing a 1927. Mahaifiyarta mawaƙiyar wasan gargajiyar Sinawa ce, irin wanda ake haɗa waƙa da rawa da kwaikwayo a dandamali guda, ita ma tun tana ƙarama ta sha wannan horo. Ta tafi Amurka a 1947, ta yi karatu a Hawaii, daga baya ta shiga makarantar wasan kwaikwayo ta Pasadena Playhouse a Kalifoniya. Wato lokacin da ta fara ƙwanƙwasa ƙofofin Hollywood ta haura talatin, tana da harshe biyu a baki da horon dandamali iri biyu.

Ga abin da aka ba ta. Akwai wani shirin kaboyi na tashar CBS mai suna Have Gun – Will Travel, da aka yi daga 1957 zuwa 1963, Richard Boone yana fitowa a matsayin Paladin, ɗan bindigar haya mai karatu da son jin daɗi, mazaunin otal ɗin Carlton a San Francisco. Kusan kowane kashi a otal ɗin yake farawa. Wani ma'aikaci Basine zai kawo masa jaridu ko saƙo, Paladin ya ga inda ake rigima, ya aika katinsa, ya hau doki. Kam Tong ne yake fitowa a matsayin ma'aikacin, sunansa kuma a shirin Hey Boy, wato Kai Yaro. A zangon 1960 zuwa 1961 Kam Tong ya samu wani aiki a sabon shiri mai suna Mr. Garlund, sai aka nemo Lisa Lu ta cike gurbin. Marubutan ba su wahalar da kansu ba. Suka sa mata Hey Girl. Ke Yarinya. Mace mai shekara 33, a ɗaya daga cikin shirye-shiryen da aka fi kallo a ƙasar, tana amsa kiran da ko 'yar talla aka yi wa a bakin kasuwa sai ta harari mutum. Da sabon shirin Kam Tong ya mutu da wuri, ya dawo otal ɗinsa, aka sallami Ke Yarinya.

Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa dogon bayanin wannan ciwo. Duk wanda ya kalli finafinan kudancin Najeriya na shekarun baya ya san maigadin nan mai hula da rediyo a kunne, mai karyayyen Turanci, wanda ba shi da suna sai Aboki. Ba a zage shi ba, sau da yawa ma shi ne mai amana a gidan. Amma aikinsa ya buɗe ƙofa labarin wasu ya wuce. Haka Kai Yaro yake, haka Hop Sing, kukun gidan Cartwright a Bonanza, wanda Victor Sen Yung ya shafe shekaru goma sha huɗu yana fitowa a matsayinsa. Don kada a ce na yi son kai, masu Have Gun sun taɓa keɓe kashi guda a 1958 ga Kai Yaro, inda aka ji cewa yana da suna na yanka, Kim Chan, yana kuma da ɗan'uwa da aka kashe a sansanin masu aikin layin dogo. Kashi ɗaya ke nan cikin 225.

Sai dai matsayin Ke Yarinya, duk da ƙasƙancinsa, aiki ne mai ɗorewa na shekara guda. Yawancin abin da Lisa Lu da takwarorinta suka rayu a kai shi ne baƙunta, kuma sai an fahimci yadda ake ƙera shirin talabijin a lokacin kafin a gane me kalmar take nufi. Shiri mai dogon zango na wancan zamani yakan kai kashi 39 a shekara, kowane kashi kuma labari ne mai cin gashin kansa, ba kamar namu na yanzu da ake jan zare daga mako zuwa mako ba. Dalilin na kasuwa ne: ana son a iya sake haska kowane kashi a kowace rana, a sayar wa kowace tasha, ba tare da mai kallo ya ruɗe ba. Saboda haka dole gida ya koma yadda yake kafin a rufe. Jaruman gida ba sa canzawa, ba sa aure, ba sa ƙaura. Wanda yake shigowa da matsala, ya yi kuka, ya girgiza gidan, sannan ya fice kafin tallar ƙarshe, shi ne baƙo. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. A talabijin ɗin Amurka wannan magana sharaɗi ce a takardar kwangila.

A ƙarshen shekarun 1950 shirye-shiryen kaboyi sama da ashirin ne suke gudana a lokaci guda a manyan tashoshin ƙasar uku. A lissafa yawan labaran da ake buƙata a shekara. Marubuci ya yi ɓarawon shanu, ya yi ɗan fashin banki, ya yi likita mashayi, dole wata rana ya tuna cewa Sinawa ne mafi yawan leburorin da suka fasa duwatsun Sierra Nevada suka shimfiɗa ɓangaren yamma na layin dogon da ya haɗe ƙasar a 1869. Sai a rubuta kashin Sinawa, kusan sau ɗaya a zango, a buga wa 'yan wasan Asiya ƙalilan da ke Los Angeles waya.

A ɗauki kashin Bonanza na ƙarshen 1961 mai suna Day of the Dragon. Little Joe, autan gidan Cartwright, wanda Michael Landon yake fitowa a matsayinsa, ya zauna teburin karta ya ci caca, sai ya tarar abin da ya ci mutum ce, wata baiwa Basiniya mai suna Su Ling. Lisa Lu ce. Ya kai ta gida, Cartwright suka yi ta fama su fahimtar da ita cewa a Amurka ba a mallakar mutum, ita kuma tana ta hidima tana sunkuyar da kai. Kowa ya san inda za a ƙare. Za a kuɓutar da ita daga mugun Basinen da yake bin sawunta, za ta koyi ma'anar 'yanci daga bakin Turawa, sannan ta bar gonar Ponderosa. Marubucin yana ganin kansa mai adalci, kuma a ma'aunin 1961 ba ƙarya ya yi ba, domin labarin yana ƙin bauta, yana ƙin wulaƙanci. Abin da bai lura da shi ba shi ne, a labarin nasa mugunta daga Sinawa take fitowa, ceto daga Turawa, alhali a tarihin yammacin Amurka na gaskiya Turawa ne suka rataye Sinawa a Los Angeles a 1871, su ne kuma suka karkashe masu haƙar kwal 28 a Rock Springs a 1885.

Wani zai ce ai ba macen Asiya kaɗai ake kora ba. Gaskiya ne. Masu kallon Bonanza sun daɗe suna raha cewa duk macen da ɗan gidan Cartwright ya so, to ta yi wasiyya, domin ko ta mutu ko ta bar gari kafin a tashi. Uban gidan ma mata uku ya binne, kowace ta bar masa ɗa guda. Na yarda da wannan, amma hujjar ba ta kai inda masu ita suke so ta kai ba. Baturiyar da aka kashe a Bonanza yau, mako mai zuwa malamar makaranta ce a wani shirin, bayan wata guda matar lauya ce a Perry Mason, kuma tana iya wayar gari an ba ta nata shirin. Baƙuntarta matakala ce. Ita kuwa Basiniya ba a kiranta sai labarin yana buƙatar Basiniya, kuma irin Basiniyar da ake buƙata ba ta wuce uku ko huɗu ba: baiwa, amaryar da aka aiko daga gida, 'yar dattijon da ke tsakanin al'adar uba da son Bature, sai kuma makirar mace mai dogon farce. Ba wanda ya rubuta malamar asibiti ko maƙwabciya sannan ya ce bari mu gwada Lisa Lu.

Wannan ƙunci yana da tushe a dokar ƙasa. Tun 1875 dokar Page ta toshe wa matan Sin hanyar shiga Amurka da sunan yaƙi da karuwanci, a 1882 kuma aka yi dokar hana leburorin Sin shiga gaba ɗaya. Sakamakon haka, a ƙarshen ƙarni na 19 ana samun maza sama da ashirin kafin a samu mace ɗaya a cikin Sinawan Amurka. Ba a soke dokar hanin ba sai 1943, lokacin da Sin ta zama abokiyar Amurka a yaƙi da Japan, ko a nan ma mutum 105 kawai aka yarda su shiga a shekara. Sai a 1965 aka buɗe ƙofa sosai. A ƙidayar 1960 Sinawa ba su kai dubu 250 ba a ƙasa mai mutum kusan miliyan 180. Ma'ana, yawancin Amurkawan da suka kalli Su Ling ba su taɓa zama da Basiniya sun yi hira ba, abin da akwatin ya nuna musu shi ne iyakar saninsu. Ƙasar da ta shafe shekara tamanin tana kallon Basine a matsayin wanda ya zo cin rani zai koma, ba abin mamaki ba ne talabijin ɗinta ya ajiye masa tabarmar baƙo.

Ga kuma batun aure. Ƙa'idojin tace finafinai na Hays sun haramta nuna soyayya tsakanin fari da baƙi, kamfanoni kuma suka faɗaɗa tsoron ya shafi 'yan Asiya. An cire wannan sharaɗi a 1956, amma jihohi da dama sun ci gaba da haramta auren jinsi biyu har Kotun Ƙoli ta rushe dokokin a shari'ar Loving ta 1967. Talabijin kuwa ya fi silima tsoro, domin kuɗinsa daga masu talla yake fitowa. Kamfanin mota na Chevrolet ne ya daɗe yana ɗaukar nauyin Bonanza, kuma mai sayar da mota ba ya son abin da zai ɓata wa mai saye a Alabama rai. Kowa a masana'antar ya ga abin da ya faru da Nat King Cole, mawaƙi baƙar fata da duniya ta sani, wanda shirinsa na NBC ya mutu a 1957 saboda babu babban kamfanin da ya yarda ya ɗauki nauyinsa. Don haka ana iya barin jarumi ya kalli baƙuwar da tausayi, har ya riƙe hannunta, amma kafin a kai ga ɗaurin aure sai harsashi ko jirgin ruwa ya raba su.

Wani abin da ke ba ni dariya mai ɗaci shi ne yadda ake musanya su kamar kwanon awo. Miyoshi Umeki 'yar Japan ce, ta fito a matsayin Basiniya a Flower Drum Song. Philip Ahn ɗan wani sanannen ɗan gwagwarmayar 'yancin Koriya ne, ya ƙare rayuwarsa yana fitowa a matsayin Basine ko hafsan Japan. France Nuyen, haifaffiyar Marseille ta Faransa, ta yi 'yar tsibiri a South Pacific, ta yi 'yar Hong Kong a dandamalin Broadway, a 1968 kuma Star Trek ya mai da ita gimbiyar wata duniyar dabam. Duk wannan da sauƙi idan aka kwatanta da babbar rawa, wadda idan ta taso sai a ɗauko Bature a ja masa ido da gam. Haka aka yi wa Anna May Wong, wadda ta riga su duka. Ta nemi rawar O-Lan a The Good Earth na 1937, aka ba Luise Rainer, haifaffiyar Jamus, ta kuma ci kyautar Oscar da ita. A 1951 Wong ta samu shirinta na kanta a tashar DuMont, The Gallery of Madame Liu-Tsong, wanda shi ne na farko da 'yar asalin Asiya ta jagoranta a talabijin ɗin Amurka. Bai wuce watanni ba ya tsaya, kuma ba a san inda ko kashi ɗaya nasa ya tsira ba. Ita ma da baƙunta ta ƙare, a shirye-shirye irin su Wyatt Earp, har ta rasu a Fabrairun 1961, daidai lokacin da Lisa Lu take amsa Ke Yarinya a otal ɗin Carlton.

To, da sun ƙi mana? Wannan tambaya takan fito daga bakin matasan Asiyawan Amurka na yanzu, masu jin kunyar tsofaffin hotunan. Ban ga adalci a cikinta ba. Wanda ya ƙi rawar bai hana a yi kashin ba, iyaka dai a ba wata Baturiya a shafa mata hoda. Kuma duk wanda ya zauna ya kalli waɗannan fitowa da idon basira zai ga aikin da ake yi a ƙarƙashin rubutun. An rubuta wa Lisa Lu karyayyen Turanci, ita da ta yi jami'a da Turancin, amma tsayuwarta ta dandamalin Beijing ce, baya a miƙe, motsin hannu a ƙidaye, ido yana faɗin abin da baki bai samu izinin faɗa ba. Mace ce da aka ba ta tsumma ta ɗaura shi kamar leshi. Da aka ba ta fili sau ɗaya, a fim ɗin The Mountain Road na 1960 tare da James Stewart, ta fito a matsayin matar wani janar mai ilimin boko, wadda take ja da hafsan Amurka a kan yadda yake ɗaukar rayukan Sinawa, ta kuma juya masa baya a ƙarshe. Ta riƙe fim ɗin kafaɗa da kafaɗa da ɗaya daga cikin manyan jaruman ƙasar. Hollywood ta gani, ta mai da ita layin baƙi.

Amma ba zan bi ɗaya ɓangaren ba, masu mai da kowace fitowa tarihi, suna cewa ita ce ta farko da ta yi kaza, ta share hanya. Wace hanya? Miyoshi Umeki ta ci Oscar a 1958 saboda rawarta a Sayonara, babu wata 'yar gabashin Asiya da ta riga ta. Bayan shekara goma sha ɗaya, mafi girman abin da talabijin ya iya ba ta shi ne mai aikin gida, Mrs. Livingston, a The Courtship of Eddie's Father. Da shirin ya ƙare a 1972 ta bar sana'ar, ba ta sake dawowa ba har ta rasu a 2007. Hanyar da aka share ba ta haifar da wannan. Canjin da aka samu daga baya ya zo ne daga dokar shige da fice ta 1965 da ta ƙara yawan masu kallo 'yan Asiya, da kuma 'yan wasan da suka gaji da jira, irin su Mako da James Hong da Beulah Quo, suka kafa ƙungiyar wasan dandamali ta East West Players a Los Angeles a wannan shekarar, don su samu inda za su taka rawar da suka zaɓa da kansu.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wurina, cewa ƙanƙantar rawar daga masu alƙalami take, ita ce abin da ya faru da Lisa Lu ta tsallaka teku. A ƙarshen shekarun 1960 wata matashiyar darakta ta Hong Kong, Tang Shu Shuen, ta ba ta jagorancin The Arch, labarin wata mata da mijinta ya rasu, wadda garinsu yake shirin gina mata ƙofar girmamawa saboda kamun kai, sai zuciyarta ta karkata ga wani soja da aka sauke a gidanta, ta danne, ta bar wa 'yarta shi. Subrata Mitra, mai ɗaukar hoton Satyajit Ray na Indiya, yana cikin waɗanda suka ɗauki fim ɗin. Kusan duk wasan a fuska yake, da shiru. Ta ci kyautar Golden Horse ta Taiwan a matsayin gwarzuwar jaruma. A 1972 kamfanin Shaw Brothers, wanda finafinansa na faɗa suka cika gidajen silimanmu a wancan zamani, ya sa ta a The 14 Amazons a matsayin tsohuwar da ta ja matan gidan Yang zuwa fagen yaƙi bayan an kashe mazajensu, ta sake cin kyauta. A 1975 ta zama Cixi, mai babban ɗakin da ta juya daular Qing kusan rabin ƙarni, a fim ɗin Li Han-hsiang, ta ci ta uku. Shekara goma sha huɗu ne kacal tsakanin baiwar da aka ci a karta da matar da sarki yake durƙusa wa. Murya ɗaya ce, fuska ɗaya.

Sai da Hong Kong ta naɗa ta sannan Yamma ta ga sarautar. Bernardo Bertolucci ya sake ba ta Cixi a The Last Emperor na 1987, fim ɗin da ya kwashe Oscar tara, inda take kan gadon mutuwa tana miƙa mulki ga yaro ɗan shekara uku. Fitowar ta 'yan mintoci ce, baƙunta ce ita ma in an duba, sai dai wannan karon kowa a ɗakin ƙasa yake kallo.

A 1993 aka yi The Joy Luck Club, aka zaunar da iyaye mata huɗu a teburin wasan mahjong a San Francisco, garin da otal ɗin Carlton yake. Biyu daga cikinsu tsofaffin baƙin talabijin ne, Lisa Lu a matsayin An-mei tana da shekara 66, France Nuyen a matsayin Ying-ying. Kowace da sunanta, da 'yarta, da labarin abin da ta baro a gida. Rabon da babban kamfanin Hollywood ya yi fim na zamani da 'yan Asiya suka cika shi tun Flower Drum Song na 1961, shekara 32 ke nan. Aka ce an shiga sabon zamani. Kafin a sake yin irinsa sai da aka ƙara shekara 25, aka sake buga wa Lisa Lu waya, tana da 90, ta je ta yi musu kaka.